Na koma wata ƙasa, littafin Adbent ɗina ya tsaya cak, in daina ne ko in ci gaba?

Tambayar da wata ƙanwata cikin Ubangiji ta turo mini kenan, bari in taƙaita ta. Wata biyar kenan da ta bi maigidanta zuwa Ingila da yara biyu, shi ya samu aiki, ita kuma shekara shida tana haɗa ɗan littafin karatun kullum da addu'o'i na Adbent, wato lokacin jiran Kirsimeti, da na azumin kafin Ista, harda shafin yara, tana rabawa 'yan cocinsu da wasu da suka saba karɓa ta WhatsApp. Yanzu lokaci ya matso, mutane sun fara tambaya "ina namu na bana?", ita kuwa in ta buɗe kwamfuta sai kallo, ko layi ɗaya baya fitowa, ga gajiya ga kunya, har ta fara tunanin ko Allah ya ɗauke baiwar ne. Tace in faɗa mata gaskiya, ta daina ne ko ta dage.

Ƙanwata, amsata a gajarce: kar ki daina, ki rage. Ki rage sosai ma, har ya kai ki ji kamar kin yi ha'inci. Ni shekara goma sha huɗu ina wannan aikin, sau biyu na kwashe kaya na canza ƙasa a cikinsu, na farko zuwa inda rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a Disamba, na biyu zuwa inda ake Kirsimeti cikin zufa da fanka, kuma duka biyun na yi kuskuren da kike shirin yi, wato na ɗauka tunda ni ce dai ban canza ba to aikin ma dole ya fito yadda ya saba fitowa. Bai fito ba.

Bari in fara da abin da ke damunki, don ba baiwa aka ɗauke ba. Akwai wani Ba'amurke, William Bridges, da ya yi rubutu a 1980 kan yadda mutane ke ratsa canjin rayuwa, ya raba abu biyu da mu muke haɗawa: canjin da ya faru a waje, wanda a rana ɗaya ake yinsa, jirgi ya tashi jirgi ya sauka shikenan, da kuma canjin da ke faruwa a cikin mutum, wanda shi yana tafiyar hawainiya. Yace na cikin nan mataki uku ne, rabuwa da abin da ya wuce, sai wani fili a tsakiya da ba ki can ba ki nan, sannan sabon farawa. Ke kina tsakiyar nan ne. Kuma tsakiyar tana cin ƙarfi ta hanyar da ba'a gani, saboda duk abin da da kike yi ido rufe yanzu sai kin yi tunani: wace bas zan hau, wane kwandon shara ake fitarwa yau, me malamar yarona take nufi da wannan takardar, me yasa likita sai an yi buking, wannan murmushin da maƙwabciya ta yi gaisuwa ce ko korata take. Kafin azahar kin yanke shawara ɗari, to da wace ƙwaƙwalwar zaki zauna da dare ki rubuta tunani kan Ishaya 9? Ina tuna Nuwambana na farko, laftof a kan kwalin da ban kwance ba tukuna don ba mu da tebur, safa biyu a ƙafata, na rubuta "Rana ta 1" na zauna ina kallonta kusan awa guda, daga baya na rufe na je na yi kuka a banɗaki don kar yara su gani. Washegari na sake gwadawa, haka dai.

Abin da ya taimake ni shi ne 1 Sarakuna 19. Iliya ya gama babban aiki a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya kwanta ƙarƙashin wani ɗan itace yace ya isa haka, Ubangiji ka ɗauki raina. Ki duba abin da mala'ika ya yi masa, bai yi masa wa'azi ba, bai tambaye shi ina hidimarsa ba, cewa ya yi tashi ka ci, ya ci ya sha ya koma barci, aka sake tashinsa aka ce ƙara ci don tafiyar ta fi ƙarfinka. Sai bayan kwana 40 a Horeb aka yi maganar aiki, kuma cikin aikin da aka ba shi harda ya je ya shafe Elisha wanda zai gaje shi. Ki riƙe wannan na ƙarshen, zan dawo kansa.

To yanzu abin da nake so ki gani, wanda ni sai da na yi shekara biyu a waje kafin idona ya buɗe a kai: kalandar ikilisiya ɗin nan da kike yi wa hidima, ta matafiya ce tun asali. Muna zaune a gida muna karanta ta kamar labarin wasu. Ibrahim aka ce ya bar ƙasarsa da danginsa da gidan ubansa, Farawa 12, kuma a jadawalin karatun da coci-coci da yawa ke bi wannan ne karatun Lahadi ta biyu ta azumi a shekarar Matiyu (jadawalin na zagaya shekara uku ne, kowace da bishararta). Lahadi ta farko ta azumi a shekarar Luka kuwa Maimaitawar Shari'a 26 ce, inda mai kawo baiko zai tsaya gaban bagade ya fara da cewa kakana Ba'aramiye ne mai yawo. Kirsimeti kanta, ba'a gama murna ba sai ga Matiyu 2:13-14, Yusufu ya tashi da dare ya ɗauki yaron da uwarsa sai Masar, babu sallama da kowa. Na yi shekaru ina tsallake wannan wurin a littattafaina don yana ɓata daɗin biki, sai da na tsaya a layin jami'an shige da fice da yaro a kafaɗa yana barci, fasfo a haƙorana, sannan na tambayi kaina wai da wane yare Maryamu ta yi ciniki a Masar, wa ya riƙe mata yaron ranar da zazzaɓi ya kama ta. Littafi bai faɗa ba, amma tambayar kawai ta ishe ni rubutun sati guda.

Sai Zabura 137, mutanen da aka kwashe zuwa Babila sun rataye garayunsu a itatuwa suna cewa ta yaya za mu rera waƙar Ubangiji a baƙuwar ƙasa. Tambayarki ce wannan fa, kalma da kalma. Kuma amsar da ta zo musu ta hannun Irmiya, sura 29, ba mai daɗin ji bace a lokacin: ku gina gidaje ku zauna, ku dasa gonaki ku ci amfaninsu, ku yi aure ku aurar, ku nemi zaman lafiyar birnin da na kai ku. Kowa ya haddace aya ta 11 ana mannawa a mota, amma aya ta 10 tace shekara 70. Wato ku kwance kaya. Ni a ganina mai rubuta kayan sujada da bai taɓa zama baƙo ba akwai ɗakunan Littafi Mai Tsarki da bai shiga ba tukuna, ke yanzu an buɗe miki su, ba da son ranki ba dai.

Da Asabar ɗin nan ta tsakanin Jumma'a Mai Kyau da Lahadin Ista, wadda kusan duk masu haɗa littafi ke cikewa da layi biyu su wuce. Ranar da an riga an binne, ba'a tashi ba tukuna, almajirai na ɗaki a kulle ba su san me ke zuwa ba. In kin zo rubuta ta bana zaki ga kin san ranar nan ciki da waje.

Amma fa a nan akwai rami, kuma na faɗa ciki. Littafina na shekara ta biyu, da na gano wannan abin, sai na mai da shi kukan kaina daga farko har ƙarshe, kowace rana kewa, kowace rana sanyi da kaɗaici. Wata dattijuwa da ke karɓa tun farko ta kira ni tace 'yata lafiya kuwa, mun karanta mun yi miki addu'a amma mu ba mu samu inda za mu yi tamu addu'ar ba. Ta yi gaskiya. Kayan sujada ɗaki ne da kike sharewa don wani ya shigo ya durƙusa, in kin cika shi da akwatunanki ina zai sa gwiwa? Don haka ki samu wani littafi daban, na takarda, wanda ba mai gani, ki zuba komai a ciki ɗanye. Abin da zai shiga na jama'a sai wanda ya kwana ya huce, kuma ko shi ki juya shi ya zama tambaya ko addu'ar da gwauruwa da ɗalibi da wanda aka sallama daga aiki duk za su iya cewa amin a kai. Ni dokata yanzu, abin da ya same ni bana sai baɗi yake shiga littafi.

To mu zo kan lissafi, don rabin wahalar aikin nan ba ta ruhaniya bace, ta kalanda ce. Adbent yana farawa Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wato tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, shi yasa tsawonsa ke yawo daga kwana 22 zuwa 28. A 2022 kwana 28 ne cif, a 2023 kuwa 22, har Lahadi ta huɗu ta faɗo ranar jajiberen Kirsimeti. Ista ta fi wannan yawo: tun taron shugabannin ikilisiya a Nikiya a 325 aka tsaya kan a yi ta ranar Lahadi gaba ɗaya, ƙa'idar da ta zauna kuma ita ce Lahadin da ke bin cikar wata na farko daga 21 ga Maris, don haka tana iya faɗowa ko'ina daga 22 ga Maris zuwa 25 ga Afrilu. Daga ita ake ƙirga sauran, Larabar Toka, ranar fara azumi, kwana 46 kafin ta (kwana 40 na azumi, Lahadi shida ba'a ƙirga su), hawan Yesu sama a kwana na 40, Fentikos a na 50. Me yasa nake miki wannan karatun da kin sani? Saboda a 2027 misali Ista 28 ga Maris ce, Larabar Toka 10 ga Fabrairu, daga 6 ga Janairu da ake rufe bukukuwan Kirsimeti zuwa ranar sati biyar ne kacal. Wanda ya jira ya huta daga Kirsimeti kafin ya fara na azumi ya riga ya makara. Ki ɗauki takarda ɗaya ki rubuta ranakun nan na shekara uku masu zuwa, a gefe kuma ki rubuta naku: ranar da biza zata ƙare, ranar da hayar gida zata ƙare, hutun makarantar yara, lokacin da aikin maigida ke zafi. Inda biyun suka yi karo, wannan lokacin tun yanzu ki san ƙaramin abu zaki fitar, ko tsohon abu.

Sannan ki raba aikin gida biyu, ƙashi da tsoka. Ƙashi shi ne ranaku, nassosi, tsarin shafi, launi, jerin waƙoƙi, wannan ba ya buƙatar wani motsin ruhu, ko kina gajiye zaki iya, ko a bas. Kuma ba sai kin ƙirƙiro ba, jadawalin karatu na bai ɗaya da aka fitar a 1992, wanda aka gina kan na Katolika na 1969, ya riga ya zaɓa miki: shekara uku yake zagayawa, ta Matiyu, ta Markus, ta Luka, Yohanna kuma ana saka shi a tsakani musamman lokacin azumi da Ista. Dabarar ganewa, in lambar shekara ta rabu da uku ba saura to shekarar Luka ce, kamar 2025, sai dai ki tuna sabuwar shekarar coci daga Adbent take farawa ba Janairu ba. Tsoka kuma ita ce tunanin da addu'ar, ita ce mai cin rai. In ƙashin na tsaye, tsokar ko kaɗan ce abin zai tashi ya yi tafiya. Watannin nan masu tsawo bayan Fentikos, lokacin da ake sa koren kyalle a bagade ba wani babban biki, su ne lokacin haɗa ƙashi, na Adbent a Yuli ko Agusta, na azumi kafin Oktoba ta ƙare.

Bana dai an riga an makara da wannan, to ga abin da zan yi da ni ce ke. Maimakon rubutu 20 da wani abu, ki yi huɗu, ɗaya kowace Lahadi, da na biyar na daren Kirsimeti in ƙarfi ya kai. Sauran ranakun aya ɗaya da layin addu'a ɗaya, shikenan. Ko ki ɗauki kwana bakwai na ƙarshe kawai, 17 zuwa 23 ga Disamba, akwai tsohuwar al'adar ikilisiya ta kiran Almasihu da suna ɗaya kowace rana a kwanakin nan, Hikima, Ubangiji, Tushen Yesse, Mabuɗin Dawuda, Hasken Asuba, Sarkin Al'ummai, Immanuwel, kinga an ma raba miki aikin tun fiye da shekara dubu da suka wuce. Ko kuma, kuma wannan ce mutane ke jin kunyarta ba dalili, ki ɗauko na shekara uku baya ki gyara ranaku ki tura. Karatun iri ɗaya ne tunda jadawalin ya zagayo. Na taɓa yin haka ina ta fargaba, ba wanda ya lura, mutum ɗaya ma cewa ta yi na bana ya fi na kullum shiga jiki. Na yi dariya ni kaɗai.

Ki kuma faɗa musu gaskiya a layi biyu a farkon littafin, mun ƙaura, bana ƙarami ne, ku sa mu a addu'a. Ba sai kin yi dogon ban haƙuri ba.

Wani abu da zai ba ki mamaki shi ne yadda yanayin gari ke shiga cikin ma'anar lokutan nan. A Landan ranar 21 ga Disamba hasken rana bai kai awa takwas ba. Sai da na zauna cikin wannan duhun na gane me yasa kayan Adbent na Turai duk maganar kyandir ce da haske. Zoben ganyen nan mai kyandir huɗu ma a Hambug ta Jamus ya samo asali, wani fasto Johann Hinrich Wichern a 1839, yaran da yake riƙo a gidan marasa galihu sun dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti, sai ya ɗauki tsohuwar ƙafar keken doki ya jera ƙananan kyandir na ranakun mako da manya huɗu na Lahadi, kullum a kunna ɗaya. Abin yara ne tun farko, ki lura. Ita kalmar Lent ma, sunan azumin nan da Turanci, daga tsohon Turanci take, sunan bazararsu ne lokacin da yini ke ƙara tsawo. To da na koma kudancin duniya sai komai ya juye, Kirsimeti a tsakiyar zafi rana har ƙarfe takwas na dare, Ista kuma ganye na zuba ana shiga sanyi, duk misalan da na tara na furanni masu tsirowa bayan hunturu suka zama shirme. Yarona ya kalli kyandir ɗin da na kunna ƙarfe shida na yamma rana tsaka yace Mama wutar ba ta aiki. Abin da na koya, ki yi amfani da abin da ke bakin tagarki, amma kar ki jingina gaskiyar a kansa. Masu karanta ki yanzu suna warwatse, wani na cikin ƙanƙara wani na cikin zafi, misalan da ke tafiya ko'ina su ne na jiki da na gida: jiran haihuwa, jiran amsar takarda, ƙishirwa, ƙofa, hanya, wanda ya yi tsaron dare yana jiran gari ya waye kamar yadda Zabura 130 ta faɗa.

Wasu coci-coci a Amurka da Kanada da Ingila suna yin wata sujada ta musamman wajen 21 ga Disamba, ta dare mafi tsawo, don waɗanda Kirsimeti ke yi wa nauyi, masu makoki da masu kaɗaici. In kin ga ana yi kusa da ke ki je, ki zauna a baya, kar ki ɗauki biro.

Wannan ya kawo ni kan sabon cocinki. Baƙo ko da ido makaho ne, don haka shekarar farko ki zama mai kallo. Na san hannunki zai yi ta ƙaiƙayi, zaki ga takardar sujadarsu ki ce ai na fi wannan iyawa, wataƙila ma gaskiya ne, amma ba ki san wace tsohuwa ce ta shekara 30 tana buga ta ba. Ki ga zagaye ɗaya cikakke, daga Adbent zuwa Adbent, ki ga me suke yi da me basa yi. Wasu basa bin jadawalin sam, wasu shuɗi suke sawa a Adbent ba shunayya ba, in kuma akwai 'yan Habasha ko Eritiriya ko Kibɗawan Masar a unguwarku to su Kirsimetinsu 7 ga Janairu ne, Istar Otodoks ma yawanci daban take faɗowa, a 2025 ne aka dace duka aka yi ranar 20 ga Afrilu. Ranar iyaye mata a Ingila Lahadi ta huɗu ce cikin azumi, a Amurka kuwa Lahadi ta biyu ta Mayu, in kin sa ta a littafi ki san wa kike yi wa. Ga kuma canjin agogo, Turai na tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, a 2024 ranar Ista ce ta faɗo, 31 ga Maris, kuma 2027 ma haka zata kasance. In kina haɗa addu'ar asuba ta Zoom da mutane a ƙasashe uku, ki rubuta lokacin kowace ƙasa daban, Amurka ma ba rana ɗaya take canzawa da Turai ba.

Ƙananan abubuwa na sana'a, da sauri. Yawancin masu karanta ki a waya suke karantawa, don haka shafi mai ginshiƙi biyu da ƙananan haruffa azaba ne, ki yi dogo siriri, fayil ɗin kuma kar ya yi nauyi. In za'a buga, Amurka da Kanada takardarsu Letter ce, ta fi A4 gajarta da ɗan faɗi, ki bar fili a gefe don kar firinta ta yanke layin ƙarshe. In da Hausa kike rubutawa ki gwada ɓ da ɗ da ƙ a irin rubutun da kika zaɓa kafin ki yi nisa, da yawa daga masu kyan nan na manhajar zane ta Canva basu da su, sai ki ga akwati a tsakiyar kalma. Charis SIL da Andika da Noto duk suna da su kuma kyauta ne, ki fitar da shi PDF don ya zauna yadda kika tsara.

Haƙƙin mallaka kuwa kar ki yi wasa da shi a inda kike yanzu. Kalmomin waƙa ba naki bane don kawai kowa na rerawa, a Ingila da Turai sai marubucin ya shekara 70 da rasuwa kafin ta zama ta kowa, kuma fassara ko sabon tsarin kiɗa na da nasu haƙƙin daban. Coci-coci da yawa na biyan lasisin amfani da waƙoƙi na CCLI, amma wannan na sujadar cocin ne, bai rufe littafin da ke kike rabawa da sunanki ba. Mafi sauƙi ki rubuta sunan waƙar kawai su nemo. Fassarorin Littafi Mai Tsarki ma haka, fassarar Turanci ta NIV misali ta yarda a ɗauko har aya 500 ba tare da neman izini ba muddin ba littafi guda cikakke bane kuma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na aikinki ba, da sharaɗin ki sa bayanin mallakarsu. Kowace fassara ki duba shafin farko, a rubuce yake. Zanen yara da kike saukewa daga intanet shi ma ki duba. In kuma wani ya ce miki ai ki fara sayarwa a intanet ki samu na kashewa, tsaya ki karanta sharuɗɗan bizarki tukuna, a Ingila mai bizar ɗalibi an hana shi sana'ar kansa gaba ɗaya, ke da kika shigo ta aikin maigida naki sharuɗɗan daban ne, amma ki gani da idonki a rubuce, sannan ki san maganar haraji.

Jikinki kuma. Hukumar lafiya ta Ingila da kanta tana ba mutane shawarar shan bitamin D a watannin kaka da hunturu, masu duhun fata ma ana cewa su duba yiwuwar sha duk shekara. Ki fita ki ga rana ko minti 20 ne da tsakar yini. In kuma kin ga sati biyu uku ba barci, ko barci ba iyaka, ba kya jin daɗin komai, kuka ba dalili, ki je wurin likita ki faɗa masa yadda kika faɗa mini, wannan ba ƙarancin bangaskiya bane kuma ba'a maganinsa da ƙara azumi. Ki gaya wa maigidanki ma, kar ki ce yana fama da sabon aiki, shi ma mai yiwuwa yana ɓoye nasa ne don ke.

Na ce zan dawo kan Elisha. Cikin mutanen nan da ke tambayarki ina namu na bana, akwai mutum biyu ko uku da shekara shida suna karanta ki, sun san muryar abin, kuma ba wanda ya taɓa ce musu su gwada. Ki tura musu ƙashin, ki ce ke ɗauki Lahadi ta biyu, kai ɗauki shafin yara, kalma 200 kawai, ni zan duba in haɗa. Na farko zai zo da tsawo da wa'azi a ciki, zaki gyara, wani ma zai makara sai kin bi shi da waya. Ni wadda na ba Lahadi ta uku a shekarar ƙaurata ta biyu, yarinya ce da ko magana ba ta yi a taron matasa, yanzu ita ke riƙe da na azumi gaba ɗaya, ni nawa duba ranaku da nassosi. Har yau in na ga ta canza tsarin da na saba sai wani abu ya ɗan tsaya mini a wuya, in yi shiru.

Shafin yaran kuwa ki fara gwada shi a kan naki biyun, a ƙasa kan kafet in babu tebur, su ma sun bar abokansu da ɗakinsu ba wanda ya tambaye su. Ki ba su takarda su zana abin da Yusufu da Maryamu suka sa a jaka daren da za su gudu Masar, da abin da dole suka bari. Nawa ya zana keke a gefen abin da aka bari, irin nasa sak, harda kararrawar. Ki turo mini ranakun da kika rubuta da sunayen mutum biyun kafin Lahadi, in duba miki nassosin.